Abin da ke toshe wa motocin asibitinmu GPS: kundin aiki, Janairu zuwa Afrilu 2025

Litinin, 20 ga Janairu, 2025

Yau na karɓi aikin binciken abin da ke damun na'urorin bin sawu a motocin ɗaukar marasa lafiya na wata ƙungiyar agaji a nan Kano. Kowace mota tana da tiraka, ɗan akwatin nan da ke sauraren taurarin GPS ya lissafa inda motar take, sannan ya aika ta layin waya zuwa ɗakin karɓar kira. A can akwai babban allo mai taswirar gari, kowace mota ɗigo guda. In kira ya shigo, Hajiyar da ke kan tebur ta duba ɗigon da ya fi kusa ta tura shi.

Haka aka tsara. Abin da ke faruwa kuwa, sai ɗigo ya kafe a Ƙofar Nassarawa alhali motar ta daɗe da wuce Gyaɗi-Gyaɗi. Wani lokacin ya yi tsalle ya faɗa tsakiyar gidajen mutane inda ko babur ba ya shiga. Wani lokacin ya ɓace ɗungurungum.

Kowa da nasa bayanin. Shugabanni na zargin direbobi da zare waya don su yi gaban kansu da mota. Direbobi sun ce hazo ne. Wanda ya sayar da na'urorin ya ce rashin sabis ne, a je a tambayi kamfanin waya. Na roƙi a jingine maganar ladabtar da kowa har in gama awo. Batun hazo dai tun yau na cire shi: tsawon zangon siginar GPS kusan santimita 19 ne, ƙurar hunturu ba ta iya tare ta, ruwan sama ma bai cika yi mata komai ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Abu na farko shi ne raba ciwo biyu da ke kama da juna a kan allo. Tiraka na iya sanin inda take amma ta kasa aikawa saboda sabis ya ɗauke. Tana kuma iya samun sabis cikakke amma ba ta san inda take ba. Na zazzage bayanan da ke ajiye a cikin na'urorin, na ga inda sabis ne ya ɗauke, tiraka kan adana wuraren da aka bi ta turo su a jere in ya dawo. Wannan kaso ne kaɗan. Mafi yawan giɓin na nau'i na biyu ne: layin waya lafiya lau, taurari ne ba a ji.

Don mai karatu ya gane abin da zai biyo baya, dole ya san raunin wannan sigina. Taurarin GPS na yawo a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma siginar da tiraka ke saurare tana kan mita 1575.42 megahaz, wadda ake kira L1. Kafin ta iso rufin mota ƙarfinta ya koma wajen 0.0000000000000001 na wat ɗaya, sifili goma sha biyar bayan ɗigo. Tana ma ƙasa da hayaniyar da ke cikin wayoyin na'urar kanta, sai da dabarar lissafi ake tsamo ta. Kamar ka tsaya a bakin Kasuwar Kurmi kana son jin raɗar wani da ke can ƙarshen kasuwa. In aka tayar da injin markaɗe kusa da kunnenka, magana ta ƙare. Kuma ba tauraro ɗaya ake bukata ba, sai an ji aƙalla huɗu kafin a fitar da wuri.

Ma'aunin da zan bi shi ne wanda kowace na'ura ke bayarwa ga kowane tauraro, wato ƙarfin sigina a kan hayaniya. A fili, ƙarƙashin buɗaɗɗen sama, lafiyayyen tauraro kan ba da 40 zuwa 50. In ya sauka ƙasa da 30 lissafi ya fara tangaɗi.

Na kafa wata na'urar GPS ta kamfanin u-blox a saman rufin ofis, nesa da komai, tana rubuta abin da take ji dare da rana. Ita ce shaidata. Duk abin da ya sami mota bai same ta ba, daga motar yake ko daga inda motar ta bi.

Laraba, 29 ga Janairu

Mun ajiye mota ta uku, wadda aka fi kuka da ita, a tsakiyar fili. Na haɗa kwamfuta da tirakarta, ni da rewayan da ke kula da wayarin motocin, muka riƙa kunna abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

A kashe, komai shiru, taurari da yawa a wajen 40. Aka tayar da inji, canjin bai taka kara ya karya ba. Aka kunna fitilun rufi masu walƙiya, lambobin suka ɗan sauka. Aka kunna inbatar da ke ba kayan asibiti wuta a baya, suka ƙara sauka. Da aka kunna kyamarar gilashin gaba kuwa, sai na ga taurarin da ke ƙasa-ƙasa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Muka ƙara da cajar waya mai baki biyu da direba ya sayo a bakin titi. Nan fa tiraka ta daina sanin inda take, mota na tsaye a fili, sama tarwai.

Da muka kwance dashbod sai dalili ya fito. An cusa tirakar ne a can ciki, ƙarƙashin ƙarfe, don kada ɓarawo ya gan ta, kamar yadda ake yi wa motocin gida. Eriyarta a cikinta take. Wayar kyamara ta bi ta kanta, cajar kuma tazararsu ba ta kai kamu ɗaya ba. Irin waɗannan kayan masu araha suna yanka wutar batir suna haɗawa sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa, kuma in ba a saka musu matata ba, ɓurɓushin hayaniyarsu kan haura har mitar GPS. Kyamara ta fi muni saboda bayanan hoto na gudu da sauri a cikinta, jikinta kuma roba ce zalla.

Abin da ya fi tsaya mini: duk waɗannan abubuwa a lokacin aikin gaggawa ake kunna su gaba ɗaya. Motar da ke fake tana jiran kira ɗigonta daidai yake. Da zarar an ɗauko mara lafiya, an kunna jiniya da fitilu da inbata, sai ta makance. Shi ya sa shugabanni ke ganin kamar da gangan ake yi. Dattijon direban motar ya tsaya yana kallon lambobin suna sauka, ya ce, “Injiniya, don Allah ka kai musu wannan su gani da idonsu. Wata nawa ana yi mana kallon maƙaryata.” Na ce, “Baba, har kai za mu je.”

Talata, 4 ga Fabrairu

Na samo ɗan rediyon kwamfuta na RTL-SDR, wanda ke ji daga wajen 24 zuwa 1766 megahaz, don in ga hayaniyar da ido. Ba kayan ɗakin gwaji ba ne, faɗin abin da yake gani lokaci guda bai wuce megahaz biyu da ɗoriya ba, amma ya isa. Kyamara na fitar da tsinke-tsinke a jere kusa da 1575. Inbata kuma ɗaga hayaniyar take yi gaba ɗaya.

Sai oba-oba. Duk lokacin da direba ya danna ya yi magana, taurari duka su faɗi tare, ya saki su dawo. Hanya biyu ce rediyo ke yin wannan ɓarna. Ta farko, kowace na'urar watsawa na fitar da 'ya'yan mitarta, ninki biyu, ninki uku, har sama. Tashar da ke kusa da 157.5 megahaz ninkinta na goma kan L1 yake sauka. Ta talabijin da ke wajen 525, ninkinta na uku. A Amurka ma an san wannan ciwon: wayoyin FirstNet, hanyar sadarwar da aka gina musamman don 'yan sanda da masu kashe gobara da motocin asibiti, suna aikawa daga 788 zuwa 798 megahaz, kuma 788 sau biyu 1576 ne, dab da GPS, dole masu ƙera na'urori su tace shi da kyau.

Na lissafa tashar da motocinmu ke amfani da ita, babu ninkinta da ya faɗa nan. Tamu hanya ta biyu ce: ƙarfi tsagwaronsa. Rediyon na fitar da gomman wat, wayar eriyarsa ta bi ta gefen tiraka, sai ya cika ƙofar shigar na'urar har ta kasa jin komai, ko da mitarsu ba ɗaya ba ce.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ba a yi aiki ba, motar na kan hanya tun asuba. Na yi odar eriyar waje mai matata da zobban ferait, waɗanda ake saƙala wa waya su shanye hayaniyarta. Na kuma karɓe duk cajojin bakin titi da ke cikin motocin, direbobi na ta gunaguni, da gaskiyarsu tunda ba a ba su madadi ba tukuna.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Mun huda rufin mota ta uku muka ɗaura eriyar GPS a sama, can gaba, sama da mita guda daga eriyar oba-oba, nesa da akwatin fitilu gwargwadon hali. Rufin ƙarfe na yin aiki biyu a nan: yana tare hayaniyar da ke cikin mota, kuma eriya irin wannan ta fi ji in tana zaune kan faffadan ƙarfe. Rewaya ya janyo wa tiraka wuta daga batir kai tsaye da fis nata, ya raba ta da layin inbata. Muka saƙala ferait a wayar kyamara da ta fitilu, muka gyara wayar ƙasa ta inbata da tsatsa ta cinye.

Yanzu ko an kunna komai da komai, taurarin sama suna nan sama da 40. In an danna oba-oba suna ɗan russunawa amma ba sa ɓacewa. Kuɗin kayan bai kai na taya ɗaya ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Zaman shugabanni. Mai kula da kuɗi ya tambayi dalilin da zai sa a sayi eriya mai matata alhali ga mai araha a kasuwa, kamanninsu ɗaya. Na ba su labarin LightSquared, don ban san wani misali da ya fi shi dacewa ba.

Kamfani ne a Amurka da ya so ya kafa turakun intanet kusan 40,000 a kan mitar da ke tsakanin 1525 da 1559 megahaz, maƙwabciyar GPS. Da ma wannan unguwa ta siginar taurarin ɗan'adam ce, masu rauni irin na GPS, shi ya sa masu ƙera na'urori ba su damu da gina katanga mai kauri ba. Turakun ƙasa kuwa a kusa ƙarfinsu ya ninka na GPS sau biliyoyi. A watan Afrilun 2011 aka yi gwaji a sansanin sojan sama na Holloman a jihar New Mexico, aka kawo motocin 'yan sandan jihar da motocin asibiti na yankin. Da suka matso kusa da turken, GPS ɗinsu ya ɗauke. Kamfanin ya kare kansa da cewa shi a gonarsa yake, na'urorin GPS ne ke kasa kunne a gonar da ba tasu ba. Ta fuskar fasaha akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai ba wanda zai iya canza miliyoyin na'urorin da ke hannun jama'a. A Fabrairun 2012 hukumar sadarwa ta FCC ta janye goyon bayanta, a Mayu kamfanin ya shiga kotun fatara. Daga baya ya dawo da sunan Ligado, kuma a Afrilun 2020 FCC ta amince masa da ƙarfi ƙasa da na farko nesa ba kusa ba, duk da adawar ma'aikatar tsaron ƙasar.

Na ce musu motarmu ma haka take a ƙaramin sikeli: rediyo da wayoyi da modem duk a rufi ɗaya. Matatar ita ce katangar, kuma a gaban na'urar ƙara ƙarfi ake son ta, don in hayaniya ta riga ta cika wannan, tacewa daga baya ba ta da amfani. An amince a yi wa sauran motocin.

Wani ya tambaya ko tauraronmu na NigComSat-1R, da aka harba daga Sin a Disambar 2011, ba zai taimaka ba. Yana ɗauke da kayan aika gyaran lissafin GPS, gaskiya ne, amma a kan mitocin GPS ɗin yake aikowa. Abin da ya toshe wancan zai toshe wannan.

Dattijon direba ya zo zaman kamar yadda muka yi. Shugaba ya ba su haƙuri a gaban kowa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Wani sabon abu, a motar da muka riga muka gyara. Tana dawowa ta titin Zariya, kafin Unguwa Uku, sai taurari duka suka ɗauke lokaci guda, na GPS da na takwarorinsa, Galileo na Turai da GLONASS na Rasha, na 'yan mintoci, sannan suka dawo lokaci guda. Ta rufin ofis ba ta ga komai ba. Ba a danna oba-oba ba. A cikin bayanan na'urar gwajin da na bari a motar, ma'aunin da ke rage ƙarfin shiga ya nuna wani abu mai ƙarfi ya shigo ta eriya, alamar toshewa kuma, wadda ke tafiya daga 0 zuwa 255, ta yi sama. Direba ya ce a daidai wurin ya maƙale a bayan wata tirela, bai samu ya wuce ta ba sai gaba.

Hannun na'urar toshe sigina ne wannan. 'Yar ƙarama ce, ana soka ta a ramin kunna sigari, tana share mitar L1 sama da ƙasa sau dubun-dubata a daƙiƙa. Mai ita so yake ya ɓoye wa maigidansa inda ya kai mota, ko kuwa ɓarawo ne. Ba ruwansa da motar asibiti, amma abin ba ya tsayawa a cikin motarsa.

Shahararren misali shi ne na filin jirgin saman Newark a Amurka. Tun ƙarshen 2009 sabuwar na'urar taimaka wa jirage sauka, mai dogaro da GPS, ta riƙa ɗaukewa ba dalili, aka yi watanni ana nema kafin a gane motocin da ke wucewa a babban titin New Jersey da ke gefen filin ne. A Agustan 2012 aka kama wani direba da irin wannan na'ura a motar kamfaninsu, a 2013 FCC ta yanka masa tarar dala 31,875. Ba kuma kullum ne da gangan ba. A 2001, a tashar jiragen ruwa ta Moss Landing a Kalifoniya, eriyar talabijin mai ƙara ƙarfi da ta lalace a cikin wani jirgin ruwa ce ta toshe GPS a tashar baki ɗaya, mai ita bai sani ba.

Wannan ba mu da maganinsa a gareji. Watsa sigina ba tare da izinin hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ba laifi ne, kuma ita ke da hurumin farautar masu yi. Namu shi ne mu riƙa rubuta wuri da lokaci duk sanda ya faru, in sun taru mu miƙa.

Talata, 11 ga Maris

Azumi ya rage mana gudu, aikin rufi sai da safe. Amma kwanakin nan sun kawo abin da ya fi komai ba ni sha'awa a aikin.

Hajiya ta ce ɗigo na rawa da daddare, daga bayan isha'i, lokacin da ake asham, zuwa wajen sha biyu. Har motocin da aka gyara, har waɗanda ke fake a kashe. Na duba ta rufin ofis, ita ma haka. To wannan ba daga mota ba ne, ba kuma daga tirela ba. Salonsa ma daban: taurari ba sa faɗuwa tare. Biyu ko uku ne a wani sashe na sama ƙarfinsu ke hawa da sauka da sauri, su ɓace su dawo, sauran na nan daram. Ma'aunin ƙarfin shiga bai motsa ba, wato babu wata baƙuwar hayaniya.

Daga sama abin yake. A nisan ɗaruruwan kilomita akwai ayonosfiya, iskar da hasken rana ya caje ta, kuma dole sigina ta ratsa ta. A yankunan da ke kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, wanda layinsa ya ratsa Najeriya, bayan faɗuwar rana ƙasan wannan iska kan yamutse, wasu manyan kumfa marasa caji su taso sama. Siginar da ta bi ta cikinsu sai ta tarwatse, ta iso tana ƙyaftawa. Ya fi yawa a watannin da dare da rana ke daidaita, Maris da Afrilu, sai Satumba da Oktoba, kuma ya fi tsanani a wajen digiri 15 arewa da kudu da layin, shi ya sa taurarin da ke ƙasa-ƙasa ta waɗannan fuskoki suka fi shan wahala a wurinmu. Ga shi kuma rana, wadda tashin hankalinta ke hawa da sauka duk wajen shekara 11, na kan ganiyarta: a Oktoban 2024 hukumomin Amurka na NASA da NOAA suka sanar cewa wannan zagaye, na 25, ya kai ƙololuwa. Guguwar maganaɗisun da rana ta tayar a 10 da 11 ga Mayun 2024, wadda ba a ga mai ƙarfinta ba tun 2003, sai da ta tsayar da taraktocin manoman Amurka masu shuka da GPS a tsakiyar lokacin shuka.

Matata ba ta maganin wannan, don ba a ƙara wa siginar komai ba, ita ce ta lalace a hanya.

Laraba, 19 ga Maris

Mai sayar da kaya ya kawo tayin na'ura mai mita biyu, L1 da L5 da ke kan 1176.45 megahaz, ya ce za ta kashe duk matsalolin. Rabin maganar gaskiya ne. Ƙananan na'urorin toshewa da yawa L1 kaɗai suke bugu, kuma L5 ta fi jure siginar da ke karo da gine-gine ta dawo, irin wadda ke sa ɗigo tsalle a Sabon Gari da ƙarƙashin gadojin sama. Amma ƙyaftawar dare ta fi cin ƙaramar mita, L5 ta fi L1 shan wahala a nan. Abin da ya taimaka a zahiri kyauta ne: tirakokin an bar su a kan GPS kaɗai, muka buɗe musu Galileo da GLONASS da BeiDou na Sin. In taurari sun yi yawa, ɓacewar uku ba ta rushe lissafi.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah. Yawancin motoci an gyara. Na zauna a ɗakin kira wuni guda ina kallon yadda ake aiki da allon, kuma a ganina nan ne babban haɗarin yake, ya fi duk abin da muka gyara da sukundireba.

A nan ba tiraka ce ke ƙarya ba. A cikin saƙon da ƙwaƙwalwarta ke fitarwa akwai harafi guda: A in lissafin wuri mai inganci ne, V in ba shi da inganci. In taurari sun ɗauke takan ci gaba da turo wurin ƙarshe da ta sani, da alamar cewa tsoho ne. Manhajar allon ce ke watsar da alamar. Tana ganin saƙo ya iso yanzu, sai ta bar ɗigo kore shar, ta rubuta lokacin isowar saƙo a madadin lokacin da aka auna wurin. Mai tebur na ganin mota a Ƙofar Mata, kore, sai ta tura ta kira a Fagge, motar kuwa tana Hotoro. Da ɗigon ɓacewa ya yi da ta ɗauki oba-oba ta tambaya, daƙiƙa goma an gama. Da yake ya tsaya da kamannin lafiya, sai a yi asarar mintocin da mai naƙuda ko wanda ya yi haɗari ba shi da su.

Duk yadda muka gyara eriya, tirela mai na'urar toshewa za ta sake wucewa, Satumba kuma na zuwa. Ba za a taɓa kai ga GPS da ba ya ɗaukewa ba. Abin da za a iya shi ne allon ya faɗi gaskiya in bai sani ba. Na rubuta wa masu manhajar buƙata uku: a nuna lokacin awo, in wurin ya wuce daƙiƙa 30 ɗigo ya koma ruwan ɗorawa, in ya wuce minti biyu ya koma ruwan toka da shekarunsa a rubuce a gefe, kuma kada manhaja ta saka irin wannan mota a jerin waɗanda suka fi kusa.

Hajiya ta ƙara nata, wanda ya fi nawa sauƙi. Ta ce, “Malam, kafin su gyara, ni dai ba zan ƙara tura mota ba sai na ji muryar direba ya faɗa mini kwanar da yake.” An mayar da shi doka a ɗakin.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Masu manhaja sun saka launukan, jerin mafi kusa ne ba su taɓa ba tukuna. Don gwaji na kifa gwangwani a kan eriyar wata mota, ɗigo ya canza launi a kan lokaci. Wannan gwajin rashin sigina ne kawai, ba na toshewa ba. Na'ura kan yi wani hali daban in hayaniya ce ta rufe ta, wata ma kafin ta sallama sai ta fitar da wurin ƙarya. Ba zan kunna na'urar toshewa a cikin Kano don in gani ba, haramun ne a doka, ga filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari.

Ƙasar Norway ta samo wa wannan hanya saboda wuya ta koya mata. Tun 2017 yankin Finnmark da ke can arewa, kan iyaka da Rasha, ke fama da toshewar GPS da hukumomin ƙasar suka ce daga yankin Kola na Rasha take fitowa. An gan ta a lokacin atisayen NATO na Trident Juncture a 2018, bayan 2022 kuma ta zama kusan ta kullum. Yanki ne mai faɗi da garuruwa a warwatse, inda jirgin sama ne motar asibiti, kuma jirage sun fi motoci jin abin saboda daga sama babu tudun da ke kare su daga mai watsawa. Tun 2022 hukumomin sadarwa da hanyoyi da binciken tsaro na ƙasar ke shirya gwaji duk shekara a tsibirin Andøya, mai suna Jammertest, inda ake kunna na'urorin toshewa da na siginar bogi a fili da izini, kamfanoni su zo da motoci da na'urorinsu su ga yadda za su yi. Da za a sayi sababbin tirakoki, tambayar da zan fara yi wa mai kawowa ita ce ko an taɓa gwada kayansa a irin wannan wuri, kuma me ya fito.

A mota ɗaya na saka na'urar NEO-M8U, mai ji da motsi da juyawar mota, wadda ke ci gaba da ƙiyasin wuri in taurari sun ɗauke. A ƙarƙashin gada da tsakanin dogayen gine-gine ta riƙe hanya da kyau. Kuskurenta na ƙaruwa ne da tsawon lokaci, don haka ta ɗan giɓi ce, kuma ita ma dole allo ya nuna cewa ƙiyasi take yi.

Abin da ya rage: motocin da ba a hau rufinsu ba tukuna, sake duba liƙin ramukan da muka huda kafin ruwan farko, sayen cajoji masu kyau ga direbobi, don na ga na bakin titi sun fara dawowa, da takardar da nake son shugaba ya sa wa hannu, cewa ba za a ƙara jona wani abu mai wuta a cikin motocin nan ba sai an kunna shi kusa da tiraka an ga lambobi. An ce wata mai zuwa za a kawo sababbin allunan hannu na ma'aikatan jinya. Na nemi a ba ni guda in gwada kafin a raba. Na'urar rufin ofis za ta ci gaba da rubutu har Oktoba, don a kwatanta da abin da muka gani a Maris.